Bin Sawun Mazan Jiya: Amsoshin Tambayoyinku Kan Fagagen Yaƙin Duniya

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne ga yaƙe-yaƙen duniya biyu, na 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945: inda aka gwabza, inda aka binne waɗanda suka kwanta dama, da aikin masu yi wa baƙi jagora a waɗannan wurare. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Kakana ya tafi yaƙin Boma bai dawo ba. Abin da ya rage a gidanmu sunansa ne kawai, sai wata lambar tagulla mai siffar tauraro. Ta ina zan fara neman inda yake kwance?
*Wata malamar makaranta, Zariya*

Allah ya jiƙan kakanki, Malama, ya sa ya huta. Abin da za ki fara nema shi ne lambarsa ta aikin soja, domin suna shi kaɗai ba ya kai mai bincike ko'ina. Akawun da ke ɗaukar kurata a bariki yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari, irin su Musa Kano ko Garba Sakkwato, don haka a bataliya guda sai a sami masu suna ɗaya da yawa. Ga kuma rubutun Bature yadda kunnensa ya jiyo masa: Muhammadu ya koma Momadu ko Mamadu ko Momo, Abdu ya koma Audu ko Awudu. Lambar sojan Nijeriya a wancan yaƙi takan fara da haruffan NA, ta mutanen Gana kuma, wadda ake kira Gwalkwas a lokacin, da GC. Ki bincika tsofaffin adakokin gida: wasiƙun da ya aiko, bayan hoto, takardar sanar da rasuwa da ta biyo ta hannun hakimi. In akwai wanda suka tafi tare ya dawo, takardar sallamarsa za ta nuna bataliyarsu.

Tauraron da ke hannunki, ki duba ƙyallensa. In ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, na Boma ne. In launin yashi ne da jan layi a tsakiya, na yaƙin Afirka ne, wato Habasha da Somaliya da Arewacin Afirka. Sai dai kada ki sa rai da ganin suna a jikinsa, don lambobin da Birtaniya ta raba bayan yaƙi na biyu galibi ba a buga musu suna ba. Na yaƙin farko ne ke ɗauke da suna da lamba da runduna.

Daga nan sai shafin intanet na CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila tun 1917, wadda ke riƙe da sunayen mutum miliyan 1.7. Binciken kyauta ne. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a raba sunan biyu kamar na Bature. Sau da yawa duka sunayen suna cikin gurbin sunan ƙarshe ne, don haka ki gwada su a haɗe, ki gwada sunan garin shi kaɗai, ki sake da wasu rubuce-rubucen sunan. Kada kuma ki tsaya ga sojan ƙasa masu bindiga. Dubban mutanenmu sun yi aiki ne a ɓangaren igwa, da injiniyoyi, da direbobi, da ƙungiyoyin 'yan dako waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga. In an dace, shafin zai ba ki muƙami, lamba, bataliya, ranar rasuwa, da lambar kabari ko lambar bangon da aka sassaƙa sunan.

Bataliya da ranar rasuwa su ne za su kai ki fagen dagar. Runduna ta 81 ta Yammacin Afirka ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, jiragen sama na jefa mata abinci. Bataliyoyin Nijeriya na 6 da 7 da 12 an cire su daga cikinta aka haɗa da dakarun Chindit, masu shiga bayan layin Japan. Runduna ta 82, wadda ta ƙunshi bataliyoyin Nijeriya na 1, 2, 3, 5, 9 da 10, ta shiga Arakan a ƙarshen 1944, ta bi ta Kalapanzin zuwa Myohaung a Janairun 1945, sannan Dalet, Tamandu da An. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a kunnenmu, su ne aka raɗa wa barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a nan Zariya, Arakan da Tamandu da Dodan a Legas.

Kowace bataliya tana da kundin da ake rubuta abin da ya faru kullum. Na Boma suna gidan adana takardun gwamnati da ke Kew a Landan, ƙarƙashin lamba WO 172, kuma ana iya biyan kuɗi a ɗauko hoton shafukan watan da ake so. Ki shirya zuciyarki: da wuya ki ga sunan kakanki a ciki. Hafsoshin Turawa ake ambata da suna, ƙananan sojojin Afirka kuwa sai dai adadi tare da haruffan AOR. Amma kundin zai gaya miki tudun da aka hau ranar, rafin da aka ƙetare, da mutum nawa aka rasa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da suka yi shekara 80 ba su san komai ba.

In ba ki sami sunan ba, wannan bai ƙaryata labarin gidanku ba. A Afrilun 2021 ita kanta hukumar ta fitar da rahoto ta amince cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, akasari 'yan Gabashin Afirka da Masar na yaƙin farko, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su sam. Tana karɓar hujjoji daga iyalai, kuma ya kamata duk mai takarda a hannu ya aika.

In na gano kabarin, ana iya zuwa ziyara?
*Daga mai tambayar farko*

Ya danganta da inda yake. Babbar maƙabartar ita ce Taukkyan, a arewacin birnin Yangon, tsohon Rangoon, mai kaburbura sama da 6,000, da ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. 'Yan Afirka ta Yamma da yawa a kan ginshiƙan nan suke. Ki lura da abu ɗaya: inda kabari yake ba lallai nan aka rasu ba. Bayan yaƙi an kwaso gawawwaki daga ƙananan maƙabartun Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw aka tara su a Taukkyan, nisan ɗaruruwan kilomita daga inda suka faɗi. Waɗanda kuma rauni ko zazzaɓi ya kashe a asibitin bayan fage suna Chittagong ko Maynamati, cikin Bangladesh ta yau, kowacce da kaburbura sama da 700.

Sunayen wurare sun canza, kuma wannan yana rikita masu duba taswira: Boma ita ce Myanmar, Arakan ita ce Rakhine, Akyab ita ce Sittwe, Myohaung kuma Mrauk-U. Shawararmu kai tsaye ita ce kada ki nufi Rakhine yanzu. Tun juyin mulkin Fabrairun 2021 ƙasar ke cikin yaƙi, kuma yankin Kaladan da Mrauk-U yana cikin inda aka fi gwabzawa. Bangladesh ta fi sauƙin zuwa. Lokacin da ya dace shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan damina mai ƙarfi ta ɗauke. Kafin tafiya ki rubuto lambar sashe, layi da kabari a takarda, domin allunan tagulla ne ƙanana a jere kusa da ƙasa, iri ɗaya, sai tambarin bishiyar kwakwa ne ke bambanta na sojojinmu.

Na gama karatun tarihi a jami'a, kuma na ji akwai masu sana'ar yi wa baƙi jagora a filayen yaƙi. Mene ne ainihin aikin, yaya kuma ake koyonsa?
*Wani matashi, Yola*

Aikin jagora, ɗan'uwa, shi ne ya haɗa abin da ke rubuce a takarda da ƙasar da ake tsaye a kai, sannan ya dawo da mutanen da suka mutu a wurin cikin labarin. Malamin aji yana iya karantar da yaƙin Somme bai taɓa taka Faransa ba. Jagora kuwa sai ya tsaya a bakin gona ya nuna da hannu: daga wancan kwari suka taso, a wancan tudu bindiga mai sarrafa kanta take, tsakaninsu mita kaza. In ya kasa wannan, lacca kawai ya yi a waje.

Ana raba yini zango-zango, shida zuwa takwas, kowanne minti 10 zuwa 15 na magana. Fiye da haka ƙafa ta gaji, kunne ya toshe. A kowane zango akwai jerin da ba a tsallakewa. Da farko ka daidaita mutane da wurin: ina gabas, wane gari ne wancan, hasumiyar da ake hange nisanta nawa. Sai ka nuna inda kowane ɓangare yake. Sai abin da aka shirya yi, sai abin da ya auku da dalilinsa, sannan ka rufe da mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya, don adadi ba ya zama a zuciya sai da fuska.

Ɗauki Beaumont-Hamel, a fagen Somme, ranar 1 ga Yuli 1916. Shirin Birtaniya shi ne ruwan igwa na mako guda, harsashi wajen miliyan ɗaya da rabi, ya tsinke wayar ƙaya ya rushe ramukan Jamusawa, sai sojan ƙasa su taso da ƙarfe 7:30 na safe. Abin da ya ɓaci uku ne, kuma duka ana iya nuna su a ƙasa. Yawancin harsasan irin masu watsa ƙananan dalma ne, ba su yanke waya sosai ba, da yawa ma ba su fashe ba. Ƙasar wurin alli ce, Jamusawa sun haƙa ɗakuna a cikinta har zurfin mita 10, suka zauna lafiya. Sannan aka tayar da babbar nakiyar tudun Hawthorn da ƙarfe 7:20, minti goma kafin lokaci, wanda ya zama kamar an buga musu ƙararrawa su fito su kafa bindigogi. Jagora nagari zai tsayar da mutane a bakin ramin nakiyar, ya sa su ƙiyasta da idonsu taku nawa ne daga bakin ɗakin ƙasa zuwa bakin rami. Daga nan ya kai su inda sojojin Newfoundland, cikin Kanada ta yau, kusan 800 suka taso, washegari 68 kawai suka amsa kiran suna. A ranar kaɗai, a duk fagen Somme, Birtaniya ta rasa mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu, 19,240 daga ciki matattu.

Kayan aikinka taswira ce ta lokacin yaƙin, da ta yau, da kamfas. Taswirar ramukan yaƙi ta Birtaniya ma'auninta 1:10,000 ne ko 1:20,000. An raba ta manyan murabba'ai masu harafi, cikinsu ƙanana masu lamba, kowanne yadi 1,000, shi ma an raba shi huɗu, a, b, c, d, na yadi 500. Sai ka iya karanta wannan kafin ka gane inda kundin bataliya yake nufi. Ga tarkon da ke kama sababbi: har farkon 1918 ramukan Jamus ja ne a taswirar, na Birtaniya shuɗi, daga baya aka juya launukan. Wanda bai duba kwanan watan taswira ba sai ya tsayar da mutane a layin abokan gaba yana ba da labari a juye. Ɗakin karatu na ƙasa na Sikotland ya sa ɗaruruwan irin waɗannan taswirori a intanet, ana ɗora su kan hoton tauraron ɗan'adam na yau, kuma nan ne wuri mafi arha na fara koyo.

Kada ka taɓa kai mutane wurin da ba ka riga ka taka da ƙafarka ba. Daji ya tsiro inda da fili ne, an sake gina ƙauyuka, wasu ba daidai inda suke ba, masara a watan Agusta takan fi mutum tsawo ta rufe abin da kake son nunawa. A zagayen share fage ka auna inda bas zai tsaya ya juya, inda banɗaki yake, da wurin alwala da salla in da Musulmi. Ka lissafa rana: a arewacin Faransa cikin Nuwamba duhu yana shiga tun ƙarfe 5, a Yuni kuwa sai wajen 10 na dare. Wajen magana, ka sa rana a bayan mutane, iska a bayanka don ta kai musu muryarka, kuma kada ka yi magana kana fuskantar abin da kake nunawa: ka nuna, ka juyo, ka faɗa. Gonar mutane ba a shigarta ba izini. Mafi girman laifi a sana'ar shi ne ƙawata labari. In iyali sun zo neman inda kakansu ya faɗi, ka ce musu kamfaninsa yana tsakanin wancan rafi da wannan hanya da safiyar ranar, iyakar abin da takarda ta nuna ke nan. Nuna musu gindin wata bishiya don su ji daɗi cin amana ne.

Game da izini, a Faransa sai mai katin jagora na hukuma ke yin bayani da kuɗi cikin gidajen tarihi da gine-ginen tarihi na ƙasa. Turkiyya da Masar ma suna buƙatar lasisi, ga mai son aiki a Gallipoli ko El Alamein. Akwai ƙungiyar jagororin fagen yaƙi mai cibiya a Birtaniya wadda ke ba da bajo bayan jerin gwaje-gwaje na baka da na rubutu.

Amma kai da ke Yola, fagen koyonka yana bakin ƙofarka. Daga Yola rundunar Nijeriya ta tashi a Agustan 1914 ta afka wa Garwa, a Kamaru da ke hannun Jamus a lokacin, aka kore ta da asara mai yawa, har kwamandanta Maclear ya mutu. Sai ranar 10 ga Yuni 1915 Garwa ta miƙa wuya, bayan an hauro da manyan igwa ta Binuwai. An yi artabu a dutsen Banyo a Nuwamban 1915. A dutsen Mora kuma kyaftin von Raben na Jamus ya riƙe wuri tun Agustan 1914 har 18 ga Fabrairu 1916, shi ne na ƙarshe da ya ajiye makami a Kamaru. Sojojin ɓangarorin biyu 'yan ƙasa ne, da yawa masu jin Hausa. Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, ya fara ne a sojan Jamus, daga baya ya shiga na Nijeriya har ya kai babban samanja. Mora tana yankin da tsaro bai inganta ba, don haka ka fara da Garwa, ka haɗa da takardun gidan adana tarihi na Kaduna da Gidan Arewa, ka kuma naɗi muryar dattawa, kana rarrabe abin da mai magana ya ji daga bakin wanda ya gani da abin da ya zama zancen gari.

Ina karatu a Beljiyam. Mun je yawo kusa da Ypres na ga wani tsatsattsen ƙarfe kamar kwalba a gefen gona. Abokina ya ce kwanson harsashi ne, in ɗauka tsaraba. Da haɗari?
*Wani ɗalibi ɗan Maraɗi*

Da haɗari ƙwarai, kada ka taɓa shi ko da ƙafa. Abin da manomi ya ajiye a gefen gona ko a jikin turken lantarki ba yasasshe ba ne, ya ajiye ne don sojojin kwance bam na Beljiyam, da ake kira DOVO, su zo su ɗauka. Duk shekara garma tana tono sama da tan 100 na irin waɗannan a yankin. Tsatsa tana cin ƙarfen waje, amma maganin fashewar da ke ciki bai mutu ba, kan harsashin ma yakan ƙara saurin tashi da tsufa. Wasu kuma gas mai guba ne a cikinsu, mai ƙona fata ko mai shaƙe huhu, kuma bayan shekara ɗari a ƙasa fentin da ke bambanta su ya goge, ko gwani sai ya sa na'ura. A Maris 2014 ma'aikata biyu sun mutu a wani wurin gini a Ypres sanadin irin wannan.

Ka ja da baya, ka lura da wurin a wayarka, ka kira 'yan sanda: 101 a Beljiyam, 17 a Faransa, ko 112 a ko'ina cikin Turai in akwai gaggawa. Gurneti da harsashin ƙaramar bindiga ma hukuncinsu ɗaya. Shiga jirgi da su laifi ne, an sha kwashe fasinjoji daga tashar jirgin ƙasa saboda tsarabar wani. Neman ƙarfe da na'ura a Faransa sai da izinin hukuma.

In kuwa ƙashin mutum ka gani, har yau ana samu, kada ka ɗauke ko maɓalli. Maɓallin riga, tambarin kafaɗa, cokali mai lamba, da yadda suke kwance, su ne ke sa a gane mamacin. Wanda ya ɗauke su ya raba soja da sunansa har abada.

Kakan mahaifina Faransawa suka ɗauka soja daga ƙasar Damagaram. Duk abin da nake karantawa na sojan Ingilishi ne. Mu ina namu yake?
*Wani ɗan kasuwa, Damagaram*

Naku yana nan, Alhaji, kuma ta wani fanni ya fi sauƙin samu. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne sunan rundunar: Faransa ta kira duk sojojinta na Afirka ta Yamma 'yan Senegal, ko daga Nijar suke ko Mali ko Gine. A takarda za ka ga BTS, wato bataliya, a yaƙin farko, ko RTS, wato rejimanti, a na biyu.

Ma'aikatar tsaron Faransa tana da shafi mai suna Mémoire des hommes, inda aka sa katin kowane sojan da ya mutu a yaƙin farko, sama da miliyan 1.3, da rubutun hannu na asali, har da kundayen rundunoni. Ka rubuta sunan da salon Faransanci: Moussa, Oumarou, Mahamane, Issoufou. A gurbin wurin haihuwa ka gwada Zinder, Tessaoua, Tahoua, domin sunan da'irar mulki ake sawa, ba ƙauye ba. Ka tuna Nijar ba ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka mai wannan suna ba sai 1922, kafin nan yankin soja ce, Damagaram ce ma hedikwata. In ya dawo da rai, fayil ɗinsa ana nemansa ne a cibiyar takardun sojoji da ke Pau. In ya mutu ko an kama shi fursuna a yaƙi na biyu, sai ta Caen.

Bambancinku da 'yan Nijeriya shi ne naku sun yi yaƙi a cikin Turai kanta. Suna cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont a Verdun ranar 24 ga Oktoba 1916. A maƙabartar wurin, mai kaburbura sama da 16,000, akwai sashen Musulmi mai 592 da aka fuskantar alƙibla, allunansu da jinjirin wata da tauraro da rubutun Larabci. A Chemin des Dames, 16 ga Afrilu 1917, an tura su cikin sanyi da ƙanƙara, hannuwa sun sandare har riƙe bindiga ya gagara, aka yi asarar dubbai. A Chasselay, arewa da Lyon, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fata na rejimanti ta 25 daga Turawa suka kashe su a ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940. Maƙabartarsu, mai jan gini irin na Sahel da ake kira Tata, tana riƙe da kusan 190. Suna kuma cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence ranar 15 ga Agusta 1944.

Jagoran da ya kai ka waɗannan wurare ya kuma wajaba ya ambaci Thiaroye, kusa da Dakar, inda ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka da ke neman haƙƙinsu na albashi. Hukuma ta ce 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama sun ce adadin ya ninka haka sosai. Sai a Nuwamban 2024 shugaban Faransa ya kira abin kisan kiyashi.

Me ya sa Nijeriya ke tunawa da mazan jiya ranar 15 ga Janairu, alhali a talabijin muna ganin Turawa suna yi 11 ga Nuwamba?
*Wani tsohon ma'aikaci, Kumasi*

Ranar 11 ga Nuwamba 1918, da ƙarfe 11 na safe, yarjejeniyar tsagaita wuta da aka sa wa hannu cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne ta fara aiki. Shirun minti biyu kuma an fara shi a 1919. Nijeriya ma da wannan rana take bi, kamar yadda Gana ke yi har yau. An mayar da ita 15 ga Janairu ne don ranar ce a 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya ga Yakubu Gowon a barikin Dodan, wanda shi kansa sunan wani wuri ne a Arakan. Bikin ya haɗa matattun yaƙe-yaƙen duniya da na basasa da na baya-bayan nan: addu'a a masallacin Juma'a da coci, ajiye furanni, harba bindiga, sakin tantabaru.

Ga iyalan 'yan Boma, Baba, ranar da ta fi kusa da su ita ce 15 ga Agusta 1945, da Japan ta sallama. Ku kuma a Gana kuna da 28 ga Fabrairu 1948, ranar da aka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a Accra, suna tattakin neman haƙƙin tsofaffin sojoji.

Za mu je Ypres da iyali, muna son halartar busar bigila ta Ƙofar Menin. Yaya tsarin yake, kuma akwai sunayen 'yan Nijeriya a jikinta?
*Wata uwargida, Kano*

Ana busawa kullum da ƙarfe 8 na dare don tunawa da sojojin da suka mutu, Hajiya, ko ana ruwa ko ƙanƙara, tun 1928. Mamayar Jamus ta katse ta daga 1940 zuwa Satumban 1944. Ba a biyan ko sisi. 'Yan sanda suna tare hanya da 7:30, don haka ku isa kafin nan in kuna son yara su ga masu busa, musamman a bazara da ɗaliban makarantu ke cika wurin. A ranar da ba taro, minti goma zuwa ashirin an gama. Ba a tafi bayan busa, ba a magana, a kashe ƙarar waya. Mai son ajiye fure yakan nemi izini tun da wuri ta shafin ƙungiyar da ke shirya busar. Ku sa rigar sanyi ko da rana ta yi zafi, don iska tana ratsa ƙofar.

Sunaye sama da 54,000 ne a bangon, na waɗanda ba a sami gawarsu ba. Ba za ku ga na rundunar Nijeriya ba, domin ba ta yi yaƙi a ramukan Turai ba. Yaƙinta na farko a Kamaru ne da Gabashin Afirka, inda ta sha wuya a Mahiwa, cikin Tanzaniya ta yau, a Oktoban 1917. Sunayen waɗannan suna gida, a ginshiƙan tunawa na Lakwaja da Zariya da Kalaba da Ibadan. A Menin akwai dai allunan sojojin Indiya, cikinsu da Musulmi da yawa daga yankin da ya zama Pakistan. In kun tambayi masu kula da wurin za su nuna muku inda suke, kuma akwai littafin sunaye a cikin akwatin tagulla a jikin ginshiƙin ƙofar, kowa yana iya buɗewa ya duba lambar allo.